Jagora Ga Magidanta: Yadda Ake Zaɓen Kwamfutar Kan Tebur Mai Ƙarfi Don Amfanin Gida

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, tun daga shekarar 2015 Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu ta Ƙasa, wato JAMB, ta ajiye takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya a kan kwamfuta. A shekarar 2024 kuma Hukumar WAEC ta fara bin sahu da jarrabawar ɗalibai masu zaman kansu. Haka nan rajistar ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da neman aikin gwamnati, duk sun koma ta intanet. Wannan ne ya sa magidanta da dama a Sanyinna da Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, har zuwa Kebbe da Kuchi, suke tunanin ajiye kwamfuta a gida domin 'ya'yansu da kuma sana'o'insu.

Sai dai sayen kwamfuta ba kamar sayen rediyo ba ne. Kuɗinta na iya cinye albashin watanni ko ribar noman shekara, musamman tun daga watan Yunin 2023 da aka saki darajar naira, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi. Bugu da ƙari, mazaunin kudancin jiha yana nesa da manyan shagunan gyara, domin daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Wanda ya yi kuskuren saye a nan, zai biya kuɗin kuskurensa sau biyu, na gyara da na mota. Saboda haka muka ga ya dace mu tattara wa jama'a abubuwan da ya kamata su sani kafin su miƙa kuɗinsu.

Mene Ne Ƙarfin Kwamfuta?

Ana auna ƙarfin kwamfuta ne da aikin da za a ba ta. Kafin a je kasuwa, ya kamata maigida ya zauna da waɗanda za su yi amfani da ita, a rubuta ayyukan da ake so ta yi. Yawancin gidaje suna faɗawa cikin ɗaya daga rukunai uku.

Rukuni na farko shi ne na karatu da aikin ofis: rubuta takardu, lissafin kasuwanci, gwajin jarrabawa, kallon darussa da shiga intanet. Rukuni na biyu shi ne na masu sana'a a gida, kamar mai tsara katin biki da kalanda, mai gyaran hoto, mai shagon buga takardu da rajistar ɗalibai, da ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja. Rukuni na uku shi ne na masu aiki mai nauyi, wato masu tace bidiyon biki da na wa'azi, ɗaliban injiniya da na zanen gine-gine da ke amfani da manhajoji irin su AutoCAD, da masu wasannin kwamfuta na zamani. Kwamfutar da ta isa ga rukuni na farko za ta riƙa tsayawa a hannun mai tace bidiyo, ita kuma ta mai tace bidiyo ɓarnar kuɗi da wuta ce a hannun ɗalibin sakandare.

Wani zai tambaya, me zai hana a sayi ta kan cinya? Amsar ita ce, idan aka ba da kuɗi daidai, ta kan tebur ta fi ƙarfi, ta fi jure zafi saboda cikinta yana da sarari da manyan fankoki, kuma idan wani sashe nata ya lalace ana cire shi a sa wani. Har ila yau tana zaune wuri ɗaya, inda iyaye ke ganin abin da yara ke yi a kanta. Aibinta guda ne, amma babba: ba ta da batir a jikinta. Za mu dawo kan wannan a gaba, domin a yankinmu shi ne rabin maganar.

Firosesa: A Dubi Zamani Kafin Suna

Firosesa ita ce ƙaramar na'urar da ke gudanar da dukkan lissafi da umarni a cikin kwamfuta. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwarta, Intel da AMD, dukkansu na Amurka. Intel na kiran nata Core i3, i5, i7 da i9, AMD kuma Ryzen 3, 5, 7 da 9. Daga shekarar 2024 Intel ta fito da sabon jerin kan tebur mai suna Core Ultra.

A nan ne aka fi yaudarar masu saye. Mutane da yawa sun ɗauka duk wadda aka rubuta wa i7 ta fi i5 ko i3, alhali kowanne daga cikin waɗannan sunaye yana da zamani fiye da goma. Zamanin yana cikin lambar da ke bin sunan. Misali, i7-3770 ta zamani na uku ce, wadda ta fito a 2012. Ita kuwa i5-8500 ta zamani na takwas ce, ta fito a 2018, tana da ƙwayoyin aiki shida a maimakon huɗu na waccan. Ita ma i3-12100, ta zamani na 12 da ta fito a 2022, ta fi tsohuwar i7 ɗin sauri nesa ba kusa ba, duk da ƙanƙantar sunanta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan lambobin huɗu ne, ta farko ce zamanin; idan biyar ne, biyun farko ne zamanin. Mai sayarwa da ya ce "Core i7 ce" ya yi shiru, a nemi ya faɗi sauran lambar.

Harafin da ke ƙarshen lambar shi ma yana da ma'ana. A na Intel, harafin T na nufin mai ƙarancin cin wuta, kimanin wat 35. Harafin K na nufin mai ƙarfi ƙwarai amma mai cin wuta da zafi. Harafin F kuwa na nufin ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, dole sai an sayi katin hoto daban kafin monita ta nuna komai. A na AMD, harafin G, kamar a Ryzen 5 5600G ta shekarar 2021, na nufin tana ɗauke da sashen hoto mai kyau a jikinta.

Shawararmu ita ce kada a sauka ƙasa da zamani na takwas a Intel, ko jerin 3000 a Ryzen. Ga rukuni na biyu da na uku, mai ƙwayoyi shida daga zamani na goma zuwa sama, ko Ryzen 5 ta jerin 5000 zuwa sama, za ta ɗauki shekaru tana aiki.

RAM Da Ma'ajiya

RAM ita ce wurin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a halin yanzu, kamar tabarmar da ɗan kasuwa ke shimfiɗa hajarsa. Idan ta yi ƙanƙanta, sai kwamfuta ta riƙa nauyi duk lokacin da aka buɗe abubuwa biyu ko uku. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da za a saya a yau. Gigabait 16 ya fi dacewa da yawancin gidaje, mai tace bidiyo kuma ya nemi 32. A tambaya ko DDR4 ce ko DDR5, domin ba sa shiga gurbin juna, kuma a duba ko akwai gurbin da ba kowa domin ƙari nan gaba. Sanduna biyu masu gigabait 8 kowanne sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri.

Ma'ajiya kuwa ita ce rumbun da bayanai ke zama ko da an kashe wuta. Iri biyu ce. Akwai tsohon faifai mai juyawa, wanda ake kira HDD, da sabuwar ma'ajiya marar motsi mai suna SSD. Faifai mai juyawa yana karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD ta talaka tana kai kimanin 550, nau'in da ake kira NVMe kuma yana wuce 3,000. Babu wani canji ɗaya da ke sa kwamfuta sauri a idon mai amfani kamar sauya faifai da SSD. Bayan haka, SSD ba ta jin girgizar hanya, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai ɗauko kwamfutarsa a bayan mota daga Sakkwato ko Jega. A nemi SSD mai gigabait 512, ko aƙalla 256. Mai ajiye bidiyo da hotuna masu yawa ya ƙara faifai mai juyawa na terabait 1 ko 2 a gefe, domin ya fi araha wajen ajiya.

Katin Hoto

Wannan shi ne sashen da ya fi tsada, ya fi cin wuta, kuma ya fi fitar da zafi a cikin kwamfuta mai ƙarfi. Shahararru su ne GeForce na kamfanin Nvidia da Radeon na AMD. Rukuni na farko ba ya bukatarsa ko kaɗan, mafi yawan rukuni na biyu ma haka, domin sashen hoton da ke cikin firosesa ya wadatar da rubutu, kallon bidiyo da tsara katin biki. Rukuni na uku ne ke amfana da shi. Wanda zai saya ya nemi mai RAM ta kansa gigabait 6 zuwa 8, kuma ya tabbata akwatin kwamfutar zai ɗauke shi, domin ƙananan kwamfutocin ofis ba su da sarari ko wutar da babban kati ke bukata. Ya fi hikima a sayi kwamfuta mai babban akwati ba tare da katin ba, a ƙara shi daga baya idan aiki ya nuna bukata.

Batun Windows 11

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, sai dai ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoba 2026 ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro ba ta daina aiki, amma duk wata ɓaraka da ɓarayin intanet suka gano a cikinta tana zama a buɗe, kuma wannan haɗari ne ga mai shiga asusun banki ko mai riƙe da bayanan jama'a.

Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, tana da sharuɗɗa: firosesar Intel daga zamani na takwas ko Ryzen daga jerin 2000, sashen tsaro mai suna TPM 2.0, RAM gigabait 4 da ma'ajiya gigabait 64 aƙalla. Ofisoshi a Turai da Amurka suna sauke kwamfutocin da ba su cika sharuɗɗan ba, irinsu kuma sukan ƙare a kasuwannin ƙasashe kamar namu da farashi mai jan hankali. Wasu masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, don haka ganin ta a kan monita ba hujja ba ne. Lambar firosesa ce hujja. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa, zai iya sa mata babbar manhaja ta kyauta irin Ubuntu ko Linux Mint, ta ci gaba da amfani wajen karatu da rubutu.

Wutar Lantarki

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, kuma duk mazaunin garuruwan kudancin jiha ya san cewa gida ba ya dogara da wutar layi kaɗai. Saboda haka dole a lissafa cin wutar kwamfuta tun kafin a saye ta.

Kwamfutar ofis mai matsakaicin ƙarfi tare da monitarta tana cin kimanin wat 100 a lokacin aiki. Mai babban katin hoto tana iya kai wat 450 ko fiye idan aka ɗora mata nauyi. Mu ɗauka ana aiki awa 8 a rana. Ta farko za ta ci kashi 8 cikin 10 na yunit ɗaya a kullum, wato yunit 24 a wata. Ta biyu za ta ci yunit 3.6 a kullum, wato 108 a wata. Wannan ga mai mita ke nan.

Ga mai inbata kuwa, lissafin ya fi tsanani. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wuta mai yawan wat 2,400 na awa ɗaya. Idan irin na ruwa ne, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa domin ya daɗe, sannan inbata da kanta tana cinye wani kaso, sai a tsira da kimanin 1,000. Wannan zai riƙe kwamfutar wat 100 na kusan awa 10, amma ta wat 450 awa biyu da 'yan mintuna kawai, ba a sa fanka da fitila a lissafi ba. Ke nan wanda ya sayi babbar kwamfuta ya sayi ƙarin batura da farantan sola tare da ita, ko ya sani ko bai sani ba. Albarkar da muke da ita ita ce rana: farantin sola mai wat 300 yana iya tara kimanin wat 1,200 na awa ɗaya a yini mai haske, wanda ya isa ya mayar da abin da ƙaramar kwamfuta ta ci.

Saboda wannan ne muke jawo hankalin rukuni na farko da na biyu ga ƙananan kwamfutocin kan tebur, waɗanda girmansu bai wuce babban littafi ba, irin su HP EliteDesk Mini, Dell OptiPlex Micro da Lenovo ThinkCentre Tiny. Yawancinsu suna amfani da firosesa mai harafin T da caja irin ta kwamfutar kan cinya, kuma suna ɗaukar SSD da RAM gigabait 16 ba matsala.

Ko wace iri aka saya, sai an haɗa ta da UPS, wato ƙaramin akwatin batir da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintuna idan an ɗauke wuta, domin a adana aiki a kashe ta bisa ƙa'ida. A lura cewa lambar da ke jikin UPS ba wat ba ce. Mai lamba 650VA tana ɗaukar wat 360 zuwa 390 ne kawai, don haka babbar kwamfuta na bukatar mai 1,500VA. Inda wuta ke zuwa da rauni ko ta hauhawa, a sa sitabilaiza. Mai inbata ya tabbata irin mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce kamar ta layi, domin wasu kwamfutocin zamani sukan mutu ko su riƙa ƙara a kan inbata mai araha. Mai janareta ya bar shi ya daidaita kafin ya jona kwamfuta, ya kuma kashe ta kafin ya kashe janareta. Idan hadari ya haɗo da tsawa, musamman a farkon damina, a zare filogi daga bango gaba ɗaya.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ƙona kwamfutoci masu yawa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa kusan rabin haka. Wasu tsofaffin kwamfutoci da aka shigo da su daga can suna da jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. A tabbata yana kan 230 kafin a jona, in ba haka ba akwatin rarraba wutar zai fashe nan take. Mai haɗa kwamfuta da kansa kuma kada ya yi rowa a kan wannan akwatin, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. A nemi mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta. Na jabu idan ya tashi mutuwa yakan tafi da sauran kayan ciki.

Zafi Da Ƙura

Manyan kamfanoni sukan rubuta cewa kwamfutocinsu na ofis an yi su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A jiharmu kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi waje zafi da rana tsaka. Idan firosesa ta doshi digiri 95 zuwa 100, takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Sakamakon haka, kwamfuta mai tsada a ɗaki mai zafi tana iya yin aiki kamar mai araha.

A zaɓi akwati mai ramukan shan iska a gaba, da fanka biyu aƙalla, ɗaya na shigar da iska ɗaya na fitarwa. Ba mu ba da shawarar masu sanyayawa da ruwa, domin idan famfonsu ya tsaya ko suka yi yoyo, da wuya a sami mai gyara a kusa. A ɗora kwamfuta a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da bango, kuma a bar aiki mai nauyi sai da safe ko da dare a lokacin bazara.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. Tana toshe fankoki, ta lulluɓe kayan ciki kamar bargo. A riƙa buɗe akwatin ana busa ƙurar da abin hura iska aƙalla sau biyu a lokacin hunturu, da sau ɗaya kafin shigowar zafi, bayan an zare wuta. Kada a yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma. Saboda bushewar iska a wannan lokaci jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta da ke lalata RAM, don haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa kayan ciki. A rufe kwamfuta da ƙyalle bayan ta huce, amma ba tana aiki ba. A kuma kiyaye ta daga tsaka da kyankyasai da ɓeraye, waɗanda ke son ɗumin cikinta.

Sabuwa, Ta Hannu Ko Haɗin Gida?

Sabuwa a kwali tana zuwa da garanti, yawanci na shekara ɗaya, amma ita ce mafi tsada. Ta hannu da aka shigo da ita daga waje, wadda 'yan kasuwa ke kira tokumbo ko Beljiyam, ita ce mafi yawa a shagunan Sakkwato da na titin Beirut a Kano da kuma kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Waɗanda aka yi don ofisoshi, irin jerin OptiPlex, EliteDesk da ThinkCentre, suna da ƙarko, kayan gyaransu kuma suna samuwa, matuƙar an kiyaye sharaɗin zamani da muka ambata. Hanya ta uku ita ce a sayi sassa daban-daban a ba gwani ya haɗa. Wannan ta fi dacewa da rukuni na uku, domin kowane sashe zaɓin mai shi ne, amma tana bukatar amintaccen mai haɗawa, a kuma karɓi kwalin kowane sashe da rasiɗinsa.

Abin Da Za A Yi A Shago

Gani ya kori ji. Kada a biya kuɗi a kan hoto ko alkawari, kuma in da hali a tafi da wanda ya san kwamfuta.

1. A sa a kunna ta a gabanka. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A sashen Performance za a ga cikakkiyar lambar firosesa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Abin da aka gani a nan shi ne gaskiya, ko da takardar da aka manna a jikin akwatin ta faɗi wani abu daban.

2. A nemi a buɗe manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Za ta nuna lafiyar ma'ajiya da yawan awannin da ta yi tana aiki.

3. A gwada ta da PC Health Check ta Microsoft domin tabbatar da ta cika sharuɗɗan Windows 11.

4. A bar ta tana kunne da bidiyo na rabin awa. A saurari ƙarar fanka, a ga ko za ta mutu ko ta tsaya.

5. A gwada kowace kafa ta USB da ta monita da ta sauti. A sa a buɗe akwatin a duba alamar tsatsa, ƙuna ko kumburi.

6. A karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan shago, lambar jikin kwamfutar, bayanin firosesa da RAM da ma'ajiya, da kwanakin garanti a rubuce. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa yadda aka siffanta su, da kai ƙara ga hukumar FCCPC, amma wanda ba shi da rasiɗi zai sha wahala wajen kafa hujja.

Sauran Kayan Haɗi

Monita mai inci 22 zuwa 24 irin ta LED ta wadatar, kuma cin wutarta bai cika wuce wat 30 ba. A tabbata kafarta ta dace da ta kwamfutar, HDMI ko DisplayPort. Yawancin kwamfutocin ofis ba sa kama intanet ta iska, sai an saya musu ƙaramin abin kamawa na USB, ko a jona wayar hannu da waya. Kafin a sayi modem, a gwada layukan waya a cikin ɗakin da kwamfutar za ta zauna, domin ƙarfin sabis ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Malamai da ɗalibai masu rubutun Hausa da Larabci su sani cewa Windows tana da tsarin allon rubutu na harsunan biyu kyauta, ciki har da haruffa masu ƙugiya, sai dai a sayi allo mai haruffan Larabci a jiki domin sauƙi. A ware kuɗin faifan ajiya na waje, a riƙa kwafe muhimman takardu a kansa kowane mako, domin babu ma'ajiyar da ba ta mutuwa.

Kammalawa

A taƙaice, ga gida mai ɗalibai, kwamfuta mai Core i5 ta zamani na takwas zuwa sama, RAM gigabait 8 zuwa 16 da SSD, tare da UPS, ta isa ta ɗauki yaro daga sakandare har jami'a. Mai sana'ar zane da buga takardu ya nemi zamani na goma zuwa sama da RAM gigabait 16. Mai tace bidiyo da ɗalibin injiniya su ƙara katin hoto da RAM gigabait 32, bayan sun tabbatar suna da wutar da za ta riƙe su da ɗakin da ke shan iska. A kowane hali, a raba kuɗin da aka tanada yadda kason kariyar wuta ba zai ɓace ba, ko da hakan na nufin sauka mataki ɗaya a firosesa.

Muna kira ga shugabannin makarantu, ƙungiyoyin iyaye da malamai, da matasa masu ilimin kwamfuta a Sanyinna da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su da damar karanta shi, su kuma riƙa raka 'yan uwa da maƙwabta kasuwa idan sun tashi saye. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.